Ɗigon Jan Farce a Kukar Umma

Wata biyar na yi ban leƙa Umma ba. Ni ce auta a cikin mu uku, kuma ni ce na fi kusa da ita, tafiyar awa biyu ce kawai a mota. Ina aiki a wani otal, ni ke kula da masu share ɗakuna da wankin zannuwan gado, kullum da abin da zan fake da shi. Da na kira ta a waya sai ta ce, "Lafiya lau nake, Auta, ki yi aikinki." Ni kuma sai in karɓi maganar da hannu biyu, don ita nake son ji.

Tun rasuwar Abba take zaune ita kaɗai. Yaya, babban wanmu, ya yi ya yi ta koma gidansa ta ƙi. Ta ce tana da ƙafa, tana da hannu, tana da kukarta. Kukar girkin nan ta gas ce, fara mai kai huɗu da obin a ƙasa, ta kusa shekara ashirin a kusurwar kicin ɗinmu. A cikinta Umma ke gasa biredi da kek, maƙwabta su saya, jikoki su cinye ragowar.

Ranar Asabar na isa da hantsi. Na tarar ta shirya za su je asibiti dubiya ita da maƙwabciyarta, Maman 'Yan Biyu. Ta rungume ni, ta shafa fuskata da tafin hannu, ta ce na rame. Na ce ƙiba ma na yi. Ta ce to ita dai rama ta ji. Muka yi dariya, suka fita.

Da na shiga kicin in ɗora ruwan shayi sai na tsaya turus. Umman da ke sa mu sake wanke tukunya in ta ga ɗigon maiƙo ɗaya, ita ce kukarta ta koma haka? Gefen kawunan ya yi baƙi, miya ta zuba ta bushe a kan wadda ta riga ta bushewa, gilashin ƙofar obin ya yi duhu har ba a ganin ciki. Kunya ta kama ni, kamar wani ne ya shigo ya gani. A raina na ce tsufa ya zo wa Umma, ƙyuya ta fara shigarta. Na cire mayafi, na ɗaure zani.

Aikina ne, na iya shi. Na fara rufe tukunyar gas. Na kwashe ƙarafunan da ake ɗora tukunya da murafen kawunan na jiƙa su a ruwan zafi da omo. Na bi ƙananan hujojin da wuta ke fita da tsinke, ɗaya bayan ɗaya. Na kwaɓa hodar da ake sa wa kek ya tashi da ruwa na shafe cikin obin, na zare ragar da tiren na kai su bakin famfo. Na jawo kukar daga bango na share bayanta, inda na tsinci cokula uku da murfin kwalba. Sai na zo kan gaban kukar, inda makunnai suke jere guda biyar, huɗu na sama, ɗaya na obin. Na zare su duka na watsa a roba.

A nan na ga wasu ƙulle-ƙulle masu tauri, kamar ƙwayar gero, maiƙo ya rufe su sun yi baƙi. Akwai a jikin makunnan, ɗaya a wannan, biyu a wancan. A kewayen na obin kuwa guda uku ne a gefe guda, da wani babba shi kaɗai a ɗaya gefen. Soso ya ƙi fitar da su. Na ɗauko wuƙa na kankare su tas, na bi wurin da soson ƙarfe. Da na ɗauraye sai na ga lambobin da aka rubuta a jikin kukar sun bi soson, sai ɗan inuwarsu. Na ɗan ji ba daɗi, amma na ce Umma ta shekara ashirin da kukar nan, me za ta yi da lamba? Na mayar da makunnan yadda hannuna ya kai, tunda duk kamarsu ɗaya. Ashana da gishiri da suke zube a kan kantar kicin na jera su a kabad.

Wajen la'asar suka dawo. Na ja hannun Umma zuwa kicin ina murmushi kamar yarinyar da ta ci jarrabawa.

"Umma, dubi kukarki."

Ta matsa kusa. Ba ta sunkuya ta duba ba, hannu ta miƙa ta shafa gaban kukar daga wannan gefe zuwa wancan. Ta sake dawowa a hankali. Yatsunta suka tsaya a kan makunnin obin, suka zagaye shi sau biyu.

"Kin sha aiki," in ji ta.

"Ta yi kyau ko?"

"Ta yi santsi. Allah ya yi miki albarka."

Na ɗauka daɗi ne ya hana ta magana. Da yamma ta ce bayanta na ciwo, in dafa mana ko shinkafa ce. Washegari ma ni na dafa shayi. Da zan tafi ta rako ni bakin ƙofa, ta buɗe baki kamar za ta ce wani abu, sai ta ce in gaida mutanen wurin aiki.

Ranar Laraba da safe ina ƙirga tawul a sito Yaya ya kira.

"Auta, ki taho. Umma ta ƙone."

A asibiti na same ta an naɗe hannun dama tun daga yatsu har gwiwar hannu. Girarta ta dama babu, gefen kumatun ya yi ja ya tashi. Abin da aka iya haɗawa shi ne ta zo kunna obin, ta murɗa makunnin ta ɓangaren wutar sama ta gashi maimakon ta ƙasa. Ta tsaya laluben ashana ba ta same ta inda take ajiyewa ba. Kafin ta gano ta a kabad gas ya cika obin. Tana ƙyastawa wuta ta yi tsalle ta kama hannun rigarta. Ihunta Maman 'Yan Biyu ta ji ta shigo da gudu ta lulluɓe ta da bargo.

Da na ji maganar ashana na tuna ni ce na sa ta a kabad, na kau da kai.

"Umma, yaya aka yi haka?" in ji Yaya. "Ke da kukar nan kamar 'yan uwa."

"Mantawa na yi."

"Kin manta ta inda ake kunna obin?"

"Na ce maka mantawa na yi."

Yaya ya ja ni waje. Ya ce dama yana lura, kwanaki ya kai mata jikokinta ta kira babbar da sunan ƙaramar, kuma ta zuba sukari a miya. Ya ce ruɗewar tsufa ce ta fara, ba zai zuba ido ta ƙone kanta da gidan ba. Daga asibiti gidansa za ta wuce, kukar kuma a fitar da ita.

Ni aka aika in kwaso mata kaya. Na shiga kicin na tarar da ƙofar obin a buɗe, kwanon kek ɗin da ba a gasa ba yana ƙasa a kife. Ina tsaye Maman 'Yan Biyu ta shigo. Mace ce mai yawan raha, amma ranar fuskarta a ɗaure take. Ta kalli kukar, ta kalle ni.

"Ke kika wanke ta ko?"

"Ni ce."

"Ina ɗige-ɗigen?"

"Wane ɗige-ɗige?"

Ta zauna a kan kujerar roba ta riƙe haɓa. Ta ce bara war haka Umma ta kira ta, ta ce ta zo da jan farcenta. Ta sa ta ɗiga a jikin makunnai, a bari ya bushe, a ƙara wani a kai har ya yi tudu. Ɗigo ɗaya alamar kan gaba na hagu, biyu na baya, haka har huɗu. A obin kuma uku: na kek, na biredi, na kaza. Babban da ke gefe shi kaɗai na wutar sama ne, don kada ta murɗa can.

"Idonta ne, Auta. Na hagu ba ta ganin komai da shi. Na dama kamar ta cikin hujin bututu take leƙe. Ta rantsar da ni kada in gaya muku."

"Me ya sa?"

"Ta ce ranar da kuka sani, ranar za a rufe gidan nan. Ranar Asabar da muka dawo ni ban shigo kicin ba. Da na shigo da na gani. Ita kuma ba ta kira ni ba, ina jin so take ta gwada da kanta."

Na tuna yadda ta shafa fuskata ta ce rama ta ji. Na tuna hannunta a kan makunnin obin. Na zauna a ƙasan kicin kusa da kwanon kek.

"Za ki gaya wa yayanki?" in ji Maman 'Yan Biyu.

"Zan gaya masa."

Ban gaya masa ba. Kwana goma sha ɗaya na yi da maganar a ciki. Na riƙa ce wa kaina sirrin Umma nake rufewa, tunda ita ba ta so a sani. Amma na san ƙarya nake. Tsoron idon Yaya nake ji, da na Anti matarsa, da na yayata da ke aure a nesa tana kira kullum tana kuka. Kowa na yaba mini, wai Allah ya sa ma Auta ta je ta gyara kicin ɗin, da wutar ta sami maiƙo da abin ya fi haka. Ina jin wannan in ce, "Wallahi kuwa." A wurin aiki na yi wa wata sabuwar ma'aikaciya faɗa don ta goge madubi da tsumma mai datti, ban ƙarasa faɗan ba na shige banɗaki.

Asabar ta biyu na je gidan Yaya. An ba Umma ɗakin da ke kusa da falo, an sa mata labule sabo. Anti tana ƙoƙari, ba zan ci haƙƙinta ba, ita ke wanke mata ciwon safe da yamma. Amma an kwashe ashana da wuƙaƙe an kulle a kabad. In za a yi mata magana sai a ɗaga murya a rarraba kalmomi, kamar ana yi da ƙaramin yaro.

"Umma, wace ce wannan? Kin gane ta?" in ji Anti, tana nuna ni.

"Na haife ta dai," in ji Umma.

Anti ta yi dariya ta ce yau da sauƙi. Ta ce ranar Litinin za a kai ta wurin likitan ƙwaƙwalwa. Umma tana zaune a bakin gado, hannun da aka naɗe yana kan cinyarta. Matar da ba ta iya zama minti goma ba ta taɓa wani abu ba.

Da rana Yaya ya ce in raka shi tsohon gidan, ya kira mai gyara ya cire kukar. Mai gyaran dattijo ne mai furfura a gemu. Ya shafa ruwan sabulu a bakin tiyo ya duba ko zai yi kumfa, ya kunna kawunan ɗaya bayan ɗaya, ya durƙusa ya leƙa obin.

"Alhaji, kukar nan lafiyarta ƙalau. Tiyo ne kawai ya tsufa, a canja shi. Amma wa ya cinye lambobin nan? An sa mata soson ƙarfe. Gaban kuka tsumma da ruwan sabulu kawai yake so. Yanzu ko mai ido biyu sai ya yi canki-canka."

"Wankewa aka yi," in ji Yaya, hankalinsa na kan waya.

"An wanke ta kam," in ji mai gyara.

Na ce wa Yaya a dakata da fitar da ita, akwai maganar da zan yi da Umma tukuna. Ya kalle ni da mamaki, amma ya sallami mutumin.

Na same ta ita kaɗai a ɗaki. Na rufe ƙofa na durƙusa a gabanta.

"Umma, ni na kankare ɗigon. Ni na ɗauke ashanar. Maman 'Yan Biyu ta gaya mini komai."



"Na sani," in ji ta. "Tun da na ɗora hannu na sani."

"Me ya sa ba ki faɗa ba?"

"In ce me? Kin wuni kina gurzar ƙarfe, hannunki duk ya yi fari. In ce kin ɓata mini? Sai ki ce don me, ni kuma sai in faɗi don me."

"Ki yafe mini, Umma."

"Wankin kuka ba laifi ba ne. Na yafe wannan tun ranar." Ta juyo da fuskarta sosai, yadda idon dama zai same ni. "Amma kwana biyu kika yi a gidan nan, Auta. Na zuba shayi a gefen kofi kina zaune. Na nemi takalmina yana gabana. Kin ga maiƙon kuka tun daga bakin ƙofa. Ni ce ba ki gani ba."

Kuka na fara, ta bar ni na yi, ba ta rarrashe ni ba. Can ta ce, "Kuma yaushe Maman 'Yan Biyu ta gaya miki?"

"Ranar da aka kwantar da ke."

"Yau kwana nawa?"

"Sha ɗaya."

"Kina ji ana tambayata ko na san sunana."

"Ina ji."

Ta gyaɗa kai. Wannan bai shiga cikin abin da ta ce ta yafe ba, ni ma ban roƙa ba.

"Zan gaya wa Yaya," na ce. "Nawa laifin zan faɗa. Amma ba ya faɗuwa sai da naki sirrin."

"Je ki faɗa. Gara a ce makauniya da a ce mahaukaciya."

A falo na same shi shi da Anti. Na faɗa tun daga wuƙar har zuwa mai gyara, ban rage ba. Anti ta rufe baki da hannu. Yaya ya miƙe, ya zauna, ya sake miƙewa.

"Kina kallo na je na karɓo katin likitan ƙwaƙwalwa? Kina kallo muna ɓoye mata wuƙa?"

"Ina kallo, Yaya."

"Wallahi da ba ke ba ce..." Bai ƙarasa ba. Ya fita tsakar gida ya tsaya ya ba mu baya. Da ya dawo idonsa ya yi ja. Ya ce shi ma duk wata yana zuwa, ya kai buhun shinkafa ya ajiye, ya zauna minti ashirin yana danna waya, ya tashi. Ya shiga ɗakin Umma, na ji yana cewa, "Umma, ashe sukarin nan ba mantawa ba ce." Ta ce, "Robar gishiri da ta sukari iri ɗaya matarka ta sayo mini."

Ranar Litinin asibitin ido muka je. Likitar ta ce hawan jinin ido ne. Na hagu ya riga ya tafi, na dama za a iya riƙe abin da ya rage in ana ɗiga magani kullum ba fashi. Ta tambaya tun yaushe aka lura. Muka kalli juna ni da Yaya. Umma ta ce shekara biyu. Likitar ta ci gaba da rubutu.

Umma ba ta koma gidanta ba. Abin da ta ji tsoro shi ya faru, kuma ta hannuna ya zo. Abin da muka iya shi ne aka ɗauko kukar aka kafa ta a ƙaramin ɗakin da ke bayan kicin ɗin Anti, aka sa sabon tiyo. Maman 'Yan Biyu ta zo da jan farcenta, Umma na faɗa tana ɗigawa. Tana dafa shayinta da ɗan abin da take marmari a kawunan sama. Obin kuwa ba ta sake kunna shi da kanta ba. Yatsu biyu na hannun dama sun warke a ƙage, ba sa lanƙwasuwa sosai, kuma ta ce in ta durƙusa gaban ƙofar nan sai ta ji ƙaurin hannun rigarta.

Na nemi a sauya mini ranakun hutu, yanzu duk sati biyu ina zuwa. Wani lokaci ta sa ni in kwaɓa kek tana zaune tana jin motsin cokali, ta ce ban buga ƙwan ya isa ba. Wani lokaci kuma mu wuni ba ta yi mini doguwar magana ba. Ni ke kai ta asibiti a auna idon. Tana riƙe gwiwar hannuna, ni ina gaba da rabin taki.

Zuwanmu na baya-bayan nan, muna fitowa daga asibitin ta yi tuntuɓe da bakin kwalta. Na riƙe ta da sauri na ce, "Yi haƙuri, Umma, akwai tudu."

"Na ji shi ai," in ji ta. "Ki riƙa faɗa kafin mu kai."

Na ce to. Muka tsaya a bakin titi, ina gaya mata motocin da ke zuwa, har hanya ta yi sarari muka tsallaka.